Inda Ruwan Bogo Yake Kwana

Idan aka ce madatsar ruwa a Kamaru, sunan da ke fara zuwa bakin ɗan Najeriya shi ne Lagdo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk shekarar da aka buɗe ƙofofinta, mutanen Yola da Makurɗi da Lokoja sai su shiga zaman ɗar-ɗar. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun sa har wanda bai taɓa ganin Binuwai ba ya haddace sunan. Amma can arewa da Garwa, a jihar da suke kira Arewa Mai Nisa, akwai wata madatsa da ta riga Lagdo da shekara uku, wadda ba kasafai muke jin ta a rediyo ba, alhali tarihinta ya fi na Lagdo kama da namu. Ita ce madatsar Maga, wadda aka gama a 1979. Duk ruwan da ya wuce ta gefen garin Bogo da damina, a cikinta yake kwana.

Ziyara ce ta kai ni Bogo, wurin wani aminin mahaifina, dillalin shanu, wanda zama ya riƙe shi a can tun yana saurayi. Daga Yola na shiga Garwa, garin marigayi Ahmadu Ahijo, daga nan mota ta miƙa arewa kilomita 200 da 'yan kai zuwa Marwa, birnin da darbejiya ta lulluɓe titunansa. Daga Marwa zuwa Bogo bai wuce kilomita 40 ba, ta fuskar gabas. Gari ne na Fulani mai lamido, Fulatanci ne harshen titi da na zaure, amma ranar Alhamis, idan kara ta cika, Hausa ma tana cin kasuwa. Shanu kan shigo daga Cadi da dazuzzukan kewaye, dillalai su ƙulla ciniki, garke-garke su kama hanyar kudancin Kamaru ko ta Najeriya. A irin wannan rana dole baƙo ya tambayi kansa: a ƙasar da ke yin wata bakwai ba ta ga ɗigon ruwan sama ba, ina wannan taro na mutane da dabbobi yake sha?

Kogin da ke ɓoye ruwansa

Amsar tana cikin kogin da ke gefen garin, Mayo Tsanaga. Yana tasowa ne daga duwatsun Mandara, wajen Mokolo, inda aka yi masa wata ƙaramar madatsa domin ruwan famfo na Mokolo da Mora. Daga can ya gangaro, ya haɗu da Mayo Kaliyawo a Marwa, ya wuce Bogo ya nufi gabas. Da damina kogi ne mai fushi. Idan aka tafka ruwa a kan duwatsu, cikin 'yan sa'o'i sai ya cika ya batse, ja wur da laka, yana zaizayar gaɓa yana tafiya da gefen gonaki. Da kaka ta wuce kuwa sai ya ɗauke ƙaf, ya bar faffaɗan rairayi wanda yara ke buga ƙwallo a kai, masu wanki su yi shanya.

Baƙo zai ce kogin ya mutu. Ɗan gari ya san ruwan yana nan, nutsewa kawai ya yi. Da sanyin safiya na sauka cikin rairayin, na tarar da ramuka birjik, kowanne da mai shi. Wata yarinya tana durƙushe a bakin nata, wanda aka kafa wa tsohuwar ganga mai fasasshen gindi don kada yashi ya rufta. Ta fara kwashe ruwan da ya kwana ta watsar gefe, ta zauna ta jira. A hankali sabon ruwa ya riƙa tsattsafowa daga ƙasa, garai-garai, har ana ganin ƙwayoyin yashi suna motsi. Sai ta sa ƙoƙo tana ɗiba kaɗan-kaɗan, ba ta barin bakinsa ya taɓa ƙasa, tana tacewa da wani farin ƙyalle da ta ɗaure a bakin bokiti. Ba ta gaggawa, don wanda ya yi gaggawa laka zai kwasa. Wani dattijo mai lambun albasa a gaɓar kogin ya gaya mini cewa da zurfin rami suke gane inda rani ya kai. A farkonsa tsawon hannu ya isa, amma idan bazara ta kama, sai mutum ya shiga ramin da kansa yana miƙo ruwan sama.

Abin da ke faruwa shi ne, ruwan damina yana ratsa yashin ya zauna a kan shimfiɗar yumɓu da ke ƙarƙashi, yashin sama kuma ya kare shi daga rana da iska. Randa ce mai murfi wadda Allah Ya binne wa mutanen wannan kwari. Rijiyoyin gari da na burtsatse da ke kusa da kogin daga nan suke sha, haka ma injinan ban ruwa da suka maye gurbin jigo a lambuna. Idan aka yi nisa da gaɓa aka shiga baƙar ƙasa mai tsagewa, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan ɗaukewar ruwa, samun rijiya mai albarka sai an sha wuya. Shi ya sa garuruwan yankin suka jeru a bakin koguna. Sai dai wannan ruwa ba shi da tsaro, domin inda mutum ke ɗiba, nan kusa jaki da saniya ke tsayawa. Kwalarar 2010, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka a Arewa Mai Nisa, har yau ba ta fita daga ran mutane ba.

Da na ba mai masaukina labarin abin da na gani, sai ya ce, "Ɗana, wannan ai ɗan abin da yashi ya riƙe mana ne. In ruwanmu kake son gani, sai ka je Maga." Na ce, "To Baba, a taimaka mini da ɗan rakiya." Ya haɗa ni da ɗansa mai babur, muka bi inda kogin ya bi.

Jinga mai tsawon kilomita 27

Wanda ya saba da madatsar Tiga, mai tsayin mita 48, yana iya isa madatsar Maga bai san ita ce ba. Jinga ce ta ƙasa da aka daddaɓe, tsayinta 'yan mitoci kaɗan, amma tsawonta kilomita 27, daga Girbidik har zuwa Pus a bakin kogin Logon. Sai ka hau kanta za ka gane girman aikin. Ta kudu ruwa ne iya ganinka, ba ka hango ɗaya gaɓar, sai kwale-kwalen masunta da kan dorina jefi-jefi. Ta arewa kuwa, ƙasa da ƙafarka, fangalin shinkafa ne kore shar, a jere, a tsakiyar rani. Idan tafkin ya cika yakan rufe kusan murabba'in kilomita 400, ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 600. Faɗi gare shi, ba zurfi ba, don haka rana da iska suna shanye kaso mai yawa kafin ya kai gona.

Ta hanya uku yake cika. Mayo Tsanaga da Mayo Bula suna kawo ruwan duwatsu daga yamma, sannan an yanka wata babbar magudana a Jafga wadda ke jawo ruwan Logon daga gabas. Kusa da Pus kuma akwai wani wuri da aka saukar da jingar da gangan, domin idan ruwa ya yi yawa ya tsallaka tsakanin tafkin da kogin. Fitarsa kuwa ta ƙofofi huɗu ce da ke shayar da gonakin Girbidik da Maga ta yamma da Maga ta gabas da Pus, ba tare da inji ba, gangara kawai yake bi. Akwai kuma babbar ƙofa da ke zubar da rara cikin Mayo Vrik, ya nufi arewa.

Tushen aikin ya faro tun zamanin Faransawa, waɗanda suka fara gwajin noman shinkafa na zamani a bakin Logon, wajen Yagwa, a shekarun 1950. A 1971 gwamnatin Ahijo ta kafa kamfanin SEMRY domin faɗaɗa wannan noma. Zangon farko a Yagwa aka yi shi, da manyan injina masu zuƙo ruwa daga kogi. Ana cikin haka farin 1972 da 1973 ya sauka a kan Sahel gaba ɗaya, wanda dattawanmu a Kano da Katsina da Damagaram ba su manta da shi ba. Gwamnatocin yankin suka yanke shawara iri ɗaya: ba za a ci gaba da jingina abincin jama'a a kan ruwan sama kaɗai ba, sai an tare ruwan damina an ajiye. Tiga ta Audu Bako a 1974, Bakolori a 1978, Maga a 1979, Lagdo a 1982, duk 'ya'yan wannan tunani ne. Da rancen Bankin Duniya da taimakon Faransa aka yi ta Maga.

Inda tafkin yake a yau, da ƙauyukan ƙabilar Musgum ne da gonakinsu da makiyayarsu. Aka tashe su aka tsugunar a sababbin unguwanni bayan jingar, aka raba wa magidanta fili rabin hekta, wanda har yau suke kira pike. Manomi yana biyan kuɗin ruwa da na huɗa kowace kaka. Maga, wadda ƙaramin ƙauye ce a da, ta zama gari mai ofisoshi da kasuwa.

Alherin madatsar a fili yake, kuma duk wanda ya musa shi bai yi adalci ba. Kimanin hekta 6,000 take shayarwa, ana iya noma sau biyu a shekara a ƙasar da da can damina ɗaya ce rak. Na tsaya kusa da wani manomi yana ba pikensa ruwa. Da bakin fartanya ya ɗan fasa kunyar da ta raba shi da magudana, ruwa ya shiga yana bin dashen layi-layi, da ya kai inda yake so sai ya kwaɓa laka da ƙafa ya toshe. Babu fetur, babu ƙarar inji. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da fari ya sake dawowa, gonakin SEMRY gaba ɗaya suna ba da kusan tan 100,000 na shanshera a shekara. Daga baya shinkafar Asiya mai araha ta cika kasuwannin Duwala da Yawunde, ta Maga ta rasa mai saye saboda nisan hanya da tsadar dako, kamfanin ya shiga mawuyacin hali har ya janye hannu daga saye da casa. Fatake suka cike gurbin, kuma kaso mai yawa na shansherar yankin Najeriya yake shigowa. Ga kuma kifi. Karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa na Maga su ne a kasuwar Marwa, ɗanye da banda, kuma ranar Talata kasuwar Pus takan tara mutanen Kamaru da na Cadi da ke tsallako Logon.

Waɗanda ke ƙasa da madatsa

Sauran labarin a karar Bogo na ji shi, daga bakin wani tsohon makiyayi da mai masaukina ya haɗa mu. Tun yana yaro yake kai shanu cin rani a faffaɗar fadamar da ke arewa da Maga, wadda Fulani ke kira yayre. Na ce, "Baffa, yaya wurin yake kafin a yi jingar?" Ya ɗaga sandarsa sama da kansa ya nuna mini tsayin ciyawar, ya ce a lokacin saniya kan shiga ta ɓace, sai dai ka bi motsin ƙahonta.

Ga yadda abin yake. Kowace shekara, daga Agusta zuwa Oktoba, Logon yakan cika ya tumbatsa, kogunan Mandara su ƙara masa, ruwa ya bazu a kan dubban murabba'in kilomita, daga gwiwa zuwa ƙugu, yana tafiya arewa a hankali har gandun dajin Waza. Ragowarsa takan bi kogin Ebeji, wanda ya raba Gamboru da Fotokol, ta faɗa Tafkin Cadi. A cikin ciyawar da ruwa ya rufe kifi ke yin ƙwai ya girma. Idan ruwa ya fara janyewa wajen Nuwamba, ƙabilun Kotoko da Musgum su yi su. Bayansu makiyaya su shigo, Fulani da Larabawan Shuwa, daga yankin Diyamare da Borno har da Nijar, da shanu sama da 200,000. Burugu da jema da shinkafar daji ciyayi ne masu saiwa mai zurfi, ko an ƙone su sai su sake tohowa, don haka dabba tana samun ɗanyen abinci har faɗuwar damina. Ruwa ɗaya, masu ci uku, kifi da masunta da makiyaya, kowa da lokacinsa, kuma babu wanda ya kashe ko sisi wajen gina shi.

Madatsar ta tare Mayo Tsanaga da Mayo Bula gaba ɗaya. Jingar da aka ja a gaɓar Logon don kare gonakin shinkafa ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi ya shiga fadamar. Sai kuma farin 1983 da 1984 ya zo ya ƙarasa. Fili kimanin murabba'in kilomita 1,500 ya daina samun ambaliyar da ya saba. Ciyayi masu saiwa suka mutu, waɗanda ke bushewa da ɗaukewar ruwa suka maye gurbinsu. Kifi ya ragu, rijiyoyi suka ƙafe, iyalai suka watse, wasu suka koma bakin tafkin neman su, wasu suka shiga birni. A Waza, wanda ya zama gandun ƙasa tun 1968, maraya ta ragu ƙwarai, giwaye kuma suka riƙa fita suna ɓarna a gonakin mutane. Tsohon nan ya ce shekarun da suka biyo baya su ne suka raba gidaje da yawa da kiwo har abada.

Babu wanda ya yi nufin cutar da su. Waɗanda suka zana aikin yunwa suke yaƙa, kuma sun ƙidaya buhunan shinkafar da za a samu daidai. Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne nono da nama da kifin da fadamar ke bayarwa, domin babu ofishin da ke rubuta su, masu cin moriyarsu kuma ba sa zama wuri ɗaya balle a kira su taro. A takarda, ruwan da ya bazu a daji asara ne. A wurin mai saniya da mai koma, shi ne jari.

Shekarar da aka fasa jinga

Abin da ya sa na ga tarihin Maga ya cancanci a ba da shi a ƙasar Hausa shi ne abin da ya faru bayan haka. A farkon shekarun 1990 gwamnatin Kamaru da ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, da tallafin ƙasar Holan, suka kafa shirin Waza-Logon. Aka zauna da sarakuna da masunta da makiyaya da masu kula da gonakin shinkafa. A 1994 aka buɗe bakin wani rafi da ake kira Ƙaramin Goroma, kusa da Tekele, wanda jingar Logon ta toshe shekara 15. Ruwa ya koma kan fili kusan murabba'in kilomita 200. A 1997 aka buɗe wani rafin na biyu. Cikin 'yan shekaru ciyayi masu saiwa suka fara dawowa, kifi ya ƙaru, tsuntsayen ruwa suka yawaita, garkunan da suka ƙaurace suka komo. Shinkafar Maga kuma ba ta rasa ruwa ba. A 2006 aka sa fadamar, mai hekta 600,000, cikin jerin Ramsar na dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye.

Gyaran bai cika ba. Babban shirin da aka tsara na mayar da ruwa ga mafi yawan filin bai samu kuɗin aiwatarwa ba. Jama'a ta ƙaru, masunta sun haƙa dubban magudanun kama kifi a cikin fadamar, waɗanda ke saurin janye ruwa, shanu kuma su faɗa ciki. A Disamban 2021 rikici kan mashaya ya ɓarke tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa a yankin Logon-Birni, ya kai har Kuseri, aka rasa rayuka da dama, dubun dubatar mutane suka tsallaka Cadi. Dalilan rikicin suna da yawa, amma duk wanda na yi magana da shi ya yarda cewa inda ruwa ya ƙaranta, haƙuri ma yakan ƙaranta. Duk da haka darasin 1994 yana nan daram: ana iya mayar wa mutane wani kaso na ruwan da aka tare musu, kuma ƙasa tana karɓa.

Jingar ƙasa ba ta yafe sakaci

Akwai wata barazanar ta daban, ita kuma daga cikin tafkin. Igiyar ruwa tana cin jingar kullum, yashin da Tsanaga ke kwasowa daga gonakin Marwa da Bogo yana cike gindin tafkin, Mayo Vrik kuma ya cushe da laka da ciyawa har ba ya iya ɗaukar rarar da aka tsara masa. A daminar 2012, wadda ta sa aka buɗe Lagdo, ruwan Maga ya kusa shafe kan jingar. Gaɓar Logon ta ɓalle a wurare, ƙauyuka suka nutse, mutane suka kwana suna cika buhuna da ƙasa. A watan Satumba shugaba Paul Biya ya je har Girbidik ya ga waɗanda abin ya shafa. A 2013 Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 108 don aikin gaggawa, aka gyara madatsar da kimanin kilomita 70 na jingar Logon. Da ta fashe a wancan lokaci, garin Maga da gonakinsa da ƙauyukan da ke ƙasa su ne a bakin ruwa.

Mu ba ma bukatar a kwatanta mana. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. A daminar 2024 ɗin ce kuma Yagwa ta nutse. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle kuma namu ya riga ya kama.

Tafki ɗaya muke zuba wa

Ruwan Kano da na Bogo makomarsu ɗaya. Wanda ya fita daga Tiga da Challawa yana bin kogin Haɗeja, ya ratsa fadamar Haɗeja da Nguru, ya shiga Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Cadi ta yamma. Na Tsanaga da Logon kuma ta kudu suke shiga. Tun 1964 Najeriya da Kamaru da Nijar da Cadi suka kafa hukuma ɗaya ta kula da tafkin. Abin da Maga ta yi wa yayre, shi Tiga da madatsar Challawa ta 1992 suka yi wa mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Kura da Kadawa sun samu shinkafa da tumatir, birnin Kano ya samu ruwan famfo, amma ambaliyar da fadama ke rayuwa a kanta ta ragu. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya ba kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse dindindin, wasu suka bushe. Shirin kiyaye wannan fadama ya fara tun 1987, kafin na Waza-Logon ma, kuma har yau gardamar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ba ta mutu ba, domin mutanen Yobe da Borno sun san abin da za ta rage musu.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware asalin wannan mas'ala. Mai gonar sama yana da haƙƙin ya shayar da shukarsa gwargwadon bukata, daga nan wajibi ne ya saki ruwa ga na ƙasa da shi, kuma ba a hana mutum ko dabba shan abin da ya yi rara. Hukuncin da aka yi wa ƙorama shi ne ya hau kan tafki mai kubik mita miliyan 600. Girman gini ba ya soke haƙƙin maƙwabci.

Don haka abin da nake roƙon hukumomin kogunanmu bai fi ƙarfinsu ba. Kowace madatsa ta kasance da jadawalin sakin ruwa wanda ya bi lokutan fadama, a sanar da shi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci, manomi da masunci da makiyayi su san ranar da ruwa zai iso su. A ba sarkin ruwa da arɗo kujera a inda ake yanke wannan shawara, ba a kira su bayan an gama ba. Kuɗin duba jinga da yashe magudana kuma a fitar da shi da rani, lokacin da gyara ke da araha. Kafin a sake aza harsashin wata sabuwar madatsa a ƙasar nan, a fara zuwa ƙauyukan da ke ƙasa da ita a ƙidaya shanunsu da komarsu da rijiyoyinsu, a rubuta su a shafi ɗaya da buhunan shinkafar da ake sa rai. Mutanen Logon sai da suka yi shekara 15 cikin ƙunci kafin a yi musu wannan lissafi. Mu mun ga abin da ya same su, ba mu da uzurin maimaita shi.